Kundin aikin tantance laimar kwaɗi ta siffa da DNA

9 ga Yuni

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin tantance nau'o'in laimar kwaɗi ke tafiya, tun daga tsinta a daji har zuwa sanya suna. Tsarin da na ɗauka shi ne kowane samfuri sai ya bi matakai biyu. Da farko za a bayyana siffarsa da ido da kuma madubin ƙara girma, a ba shi suna na wucin gadi a rubuce, sannan daga baya a ciri DNA daga jikinsa a ga ko ta amince da sunan ko ta ƙi. Na zaɓi rubuta sunan siffa kafin ganin sakamakon DNA ne saboda idan mutum ya riga ya san amsa, idonsa yakan ga abin da yake so ya gani.

A shekarar 2017 masana Hawksworth da Lücking sun ƙiyasta cewa nau'o'in fangas, wato rukunin halittun da ya haɗa da laimar kwaɗi da funfuna, a duniya sun kai tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8, alhali waɗanda aka bayyana aka raɗa musu suna ba su wuce wajen 150,000 ba. Don haka dole in shirya wa yiwuwar cewa wasu daga cikin abubuwan da zan tsinta ba su da suna a kowane littafi.

Kayan fita sun kammala: wuƙa mai ƙarfi ta tono, takardar naɗewa, rula, ƙaramin gilashin hannu mai ninka girma sau 10, takardun lamba, da ƙananan kwalabe cike da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Leda ba ta cikin kayan, domin laimar kwaɗi tana yin gumi a cikinta ta ruɓe kafin a iso gida.

16 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai a makon nan, kuma tsintar farko ta yi albarka. Ƙa'idar da nake bi ita ce a tono samfurin gaba ɗaya har da gindinsa, kada a fizge shi daga sama, saboda alamar da ke raba wasu jinsuna masu kisa da waɗanda ba su da illa tana binne ne a cikin ƙasa. Kafin in naɗe kowanne, nakan ɗauki hotonsa a inda ya tsiro da lambarsa a gefe, in rubuta abubuwan da bushewa za ta shafe: launin hula da na haƙarƙarin da ke ƙarƙashinta, ƙamshi ko wari, sauyin launi idan aka yanka ko aka murza, ko yana fitar da ruwa kamar madara, da kuma abin da ya tsiro a kai, ƙasa ce ko ruɓaɓɓen itace ko kashin dabbobi.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne samfuri na 3. Ya fito a filin ciyawa cikin da'ira, hularsa fara ce mai faɗin santimita 18 da ɓawo-ɓawo masu ruwan ƙasa a tsakiya, karansa sumul yake, yana da zobe mai kauri wanda ake iya zamewa sama da ƙasa, haƙarƙarinsa kuma ba su taɓa kara ba. Da na yanka gindin karan sai naman ya koma ruwan lemo, daga baya ya yi ja-ja. Na yanke hular na kife ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, na rufe da kwano domin iska kada ta kwashe ƙwayoyin irin da za su zubo.

17 ga Yuni

Da safe na ɗaga hular samfuri na 3, sai ga tambarin iri kore mai toka-toka, kowane haƙarƙari ya bar layinsa a kan takardar. Wannan launi ya kusan yanke hukunci shi kaɗai, domin a cikin manyan masu kama da laima da zobe, Chlorophyllum molybdites ce ke da koren iri. Guba ce mai haddasa amai da zawo mai tsanani cikin sa'o'i kaɗan, kuma ana yawan ɗaukarta a matsayin Macrolepiota procera, wadda irinta fari ne, karanta kuma yana da zane-zane masu ruwan ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramar da na tsinta a da'ira ɗaya da ita: haƙarƙarinta fari ne fat, kuma ba ta zubar da iri ko kaɗan ba saboda ba ta balaga ba. Wanda ya dogara da duba ƙarƙashin hula kawai ba zai ga koren ba sai lokaci ya ƙure. Daga yau duk inda na samu nau'i guda a matakai daban-daban na girma, zan ɗauki ƙarami da matsakaici da babba.

Launin iri tsohuwar hanya ce. Elias Fries na Suwidin ya dogara da shi wajen kasa masu haƙarƙari a littafinsa Systema Mycologicum da ya fara fitowa a 1821, kuma duk da cewa DNA ta rusa yawancin rukunonin nasa, tambarin iri har yanzu shi ne gwaji mafi sauƙi da ke rage hanyoyin da mutum zai bi.

22 ga Yuni

Tsinta da busarwa kawai. Na'urar busarwa tana kan digiri 42, kuma manyan samfura nakan tsaga su gida biyu a tsaye domin iska ta ratsa su.

29 ga Yuni

An samu babban koma baya. Abin da ke daidaita zafi a na'urar busarwa ya lalace cikin dare, kuma da na sa ma'aunin zafi da safe sai na tarar ya haura digiri 70. Dukkan samfuran da ke ciki sun yi duhu sun ƙandare, wasu sun yi sheƙi kamar an gasa su. Ana busarwa a tsakanin digiri 40 da 45 ne saboda zafin da ya wuce haka yana iya lalata DNA, yana kuma murɗe ƙwayoyin jikin ta yadda ba sa komawa siffarsu idan aka jiƙa su domin dubawa a madubi. Na gwada jiƙa ɗan haƙarƙari daga ɗaya a cikinsu, ƙwayoyin iri suna nan saboda bangonsu yana da ƙarfi, amma sauran sassa masu laushi sun narke sun zama abu guda.

Abin da ya rage asarar shi ne gutsuren da nake yankowa daga cikin naman kowace hula tun a ranar tsinta in jefa a kwalbar silika. Waɗannan ba su shiga na'urar ba, don haka aikin DNA bai tsaya ba, sai dai samfuran ajiya na wannan rukuni sun rage daraja, kuma na rubuta hakan a takardar kowannensu domin wanda zai duba su nan gaba ya sani.

Akwai wata asarar dabam. Samfuri na 11, mai siririyar hula mai layi-layi da na samu a gindin kututture, ya narke ya zama baƙin ruwa kafin ya shiga busarwa, kamar yadda irin waɗannan sukan narkar da haƙarƙarinsu da kansu yayin sakin iri. Samfuri na 9 kuwa tsutsa ta cinye cikin hularsa, ɓawon waje kawai ya rage. An sauya abin da ya lalace a na'urar, kuma na ƙara ma'aunin zafi na daban a ciki. Busassun samfura yanzu sukan yi kwanaki a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili domin ƙwan ƙwari ya mutu kafin a adana su.

8 ga Yuli

Na fara aikin madubi. Kafin a auna komai sai an daidaita ma'aunin da ke cikin idon madubin da gilashin awo mai sanannen tsawo, kuma ana yin haka ga kowane gilashin ninkawa daban, in ba haka ba duk lambobin da za a rubuta ba su da amfani. Ana auna ƙwayoyin iri a ninki 1000 da ɗigon mai, kuma na fi son ɗaukarsu daga tambarin iri, saboda waɗanda suka faɗo da kansu su ne suka balaga. Ga kowane samfuri ina auna tsawo da faɗin ƙwayoyi 30 da suka kwanta a gefe, in raba tsawo da faɗi in fitar da adadin da ke nuna ko ƙwayar mulmulalliya ce ko doguwa.

Ruwan jiƙawa iri uku nake amfani da su: sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 domin kumbura busasshen nama, jan rini na Kwango domin fito da bangon zare, da ruwan Melzer. Wannan na ƙarshe Václav Melzer ne ya haɗa shi a 1924, kuma aidin ɗin da ke cikinsa yana mayar da bangon wasu ƙwayoyi shuɗi mai duhu, wasu ja mai ruwan ƙasa, wasu kuma ba ya taɓa su. Samunsa yana da wuya saboda ɗaya daga cikin sinadaransa yana ƙarƙashin dokar magunguna a ƙasashe da yawa, don haka ɗan abin da ɗakin gwaji ya ba ni nake tattalawa. Ba a haɗa shi da KOH a gilashi guda, domin ruwan yakan gurɓace ya yi fari.

Irin samfuri na 3 ya faɗa tsakanin maikuromita 9 da 12 a tsawo (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yana da bango mai kauri da ɗan rami a tsini, kuma ya yi ja a ruwan Melzer. Komai ya dace da sunan da na ba shi.

19 ga Yuli

Samfuri na 17 ya fito da jaka a gindi, wato ragowar fatar da ta lulluɓe shi tun yana kamar ƙwai. Duk abin da ke da wannan jaka nakan ware shi daban in yi taka-tsantsan, saboda ita ce alamar jinsin Amanita, wanda a cikinsa Amanita phalloides take. Gubarta tana hana hanta ƙera furotin ta hanyar toshe sinadarin RNA polymerase II, alamun ciwo ba sa bayyana sai bayan sa'o'i 6 zuwa 24, kuma dafawa ba ta kashe gubar. To amma wannan ba shi da zobe, kuma tambarin irinsa ruwan hoda ne mai ja-ja, alhali na Amanita fari ne. Tsohon mabuɗin tantancewa da nake da shi, wato littafin da ke bi da mutum daga alama zuwa alama har ya kai ga suna, ya kai ni kai tsaye ga Volvariella.

Abubuwa biyu suka hana ni tsayawa a nan. Hularsa tana da yauƙi idan ta jiƙe, irinsa kuma ya wuce maikuromita 11 a tsawo, wanda ya fi na Volvariella volvacea girma. A 2011 Justo da abokan aikinsa sun cire masu waɗannan alamu biyu suka kafa musu jinsin Volvopluteus, bayan DNA ta nuna sun fi kusa da Pluteus. Na rubuta Volvopluteus a matsayin sunan wucin gadi, ba tare da nau'i ba.

27 ga Yuli

Yawancin yinin ya tafi wajen tono samfuri na 21 a gefen suri. Hularsa tana da tsini mai tauri a tsakiya, wanda da shi take huda ƙasa, kuma karansa bai ƙare a saman ƙasa ba, ya ci gaba da zurfi yana sirancewa kamar saiwa. Na bi shi da wuƙa a hankali har wajen santimita 40 kafin ya kai ga saƙar da gara ke noma fangas ɗin a kanta. Wannan doguwar saiwar ƙarya, da tsinin hula, da tambarin iri mai ruwan hoda mai haske, su ne alamun Termitomyces, jinsin da Roger Heim ya kafa a 1942. Launin saiwar, ko baƙa ce ko fara, yana cikin abubuwan da ake raba nau'o'insa da su, saboda haka samfurin da aka tsinke daga sama ya rasa rabin shaidarsa. A cikin wannan jinsi ne Termitomyces titanicus take, wadda Pegler da Piearce suka bayyana daga Zambiya a 1980, hularta takan kai mita guda. Nawa bai wuce santimita 9 ba.

3 ga Agusta

Ƙarin tsinta daga jikin itatuwa, ciki har da samfuri na 26, mai tauri da sheƙi ja kamar an shafa masa fenti, da ƙananan ramuka a ƙarƙashi maimakon haƙarƙari. Irinsa mai bango biyu ne da yankakken tsini, don haka Ganoderma ne. Littafin tantancewa ya ce Ganoderma lucidum.

12 ga Agusta

An fara ciro DNA ta hanyar CTAB, wani sinadari mai fasa ƙwayoyin jiki ya saki DNA. Ana niƙa ɗan gutsure wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, a zuba masa ruwan CTAB a ajiye a digiri 65 na kusan sa'a guda, a wanke da kulorofom da aka gauraya da isoamil kashi 24 da 1, a juya a na'urar wulwulawa, a kwashi ruwan sama, a zaunar da DNA da isofurofanol mai sanyi, sannan a ɗauraye da etanol mai kashi 70. Aikin kulorofom a cikin akwatin zuƙe iska ake yinsa.

Yankin DNA da zan ninka da PCR, wato hanyar yin kwafi masu yawa na yanki guda, shi ne ITS, wanda ke tsakanin sassan 18S da 28S na DNA ɗin ribosom (wurin ƙera furotin a ƙwaya), da ƙaramin sashen 5.8S a tsakiyarsa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kwafinsa masu yawa, yana kuma sauyawa da sauri tsakanin nau'o'i, shi ya sa aka amince da shi a 2012 a matsayin alamar tantance fangas. Firaimomi gajerun guntayen DNA ne da ke nuna inda ninkawa za ta fara daga kowane gefe, kuma waɗanda zan yi amfani da su su ne ITS4 na White da abokan aikinsa na 1990, da ITS1F na Gardes da Bruns na 1993, wanda aka ƙera domin ya kama fangas ya bar tsirrai.

20 ga Agusta

PCR ɗin farko ya ba da sakamako rabi da rabi. An yi zagaye 35, ana raba zaren a digiri 94, firaima ta kama a 55, a miƙa a 72. A kan jel ɗin da ke raba guntayen DNA bisa tsawonsu, masu farin nama sun ba da layi guda mai haske a tsakanin haruffan DNA 600 da 750, kwalbar da ba a sa DNA a cikinta ba kuma ta fito wayam, wanda ya nuna sinadaran ba su gurɓata ba. Amma samfuri na 26 da sauran masu duhun nama ba su ba da komai ba.

Ruwan DNA ɗinsu ruwan ƙasa ne, wasu kuma suna da kauri suna jan zare idan aka ɗaga bututu. Launin da ke jikin irin waɗannan da kuma sukarin bangonsu sukan biyo DNA su hana sinadarin ninkawa aiki. Malamar da ke kula da ɗakin gwaji ta ba da shawarar a tsarma ruwan sau 10 da kuma sau 100, a ƙara furotin ɗin BSA mai kama abubuwan da ke toshe ninkawa. Abin yana da ban mamaki a farkon ji, a ce rage DNA ne zai gyara, amma PCR ba ya bukatar kwafi masu yawa, kuma tsarmawar tana rage abin da ke toshe shi fiye da yadda take cutar da aikin. A ninki 100 samfuri na 26 ya ba da layi.

28 ga Agusta

Lissafin kuɗi. Kayan fita da silika ba su ci komai ba idan aka kwatanta da sauran, gyaran na'urar busarwa ne ya shigo ba shiri. Abin da ke cin kasafin shi ne sinadarin PCR da kuma karanta jerin haruffan DNA, domin kowane karatu ake biya, kuma samfuri guda yana bukatar biyu, gaba da baya. Na yanke shawarar kada in rage zuwa karatu ɗaya, gara in rage yawan samfura. Saboda haka na tura wakili guda daga kowane rukunin da siffa ta haɗa, sauran kuma suna firiza.

11 ga Satumba

Sakamako ya dawo, kuma kafin in nemi suna sai da na duba zanen kololuwar kowane karatu, inda kowace kololuwa take wakiltar harafi guda, na datse farko da ƙarshe inda haruffa ba su fito sarai ba, na haɗa na gaba da na baya. Samfuri na 3 ya dace da Chlorophyllum molybdites sama da kashi 99 cikin 100. Samfuri na 17 ya faɗa cikin Volvopluteus, wato yauƙin hula da girman iri sun faɗi gaskiya.

Samfuri na 9, wanda tsutsa ta ci, ya ba da jeri mai tsabta ƙwarai, amma na Trichoderma ne, wato funfunar da ta hau shi. Da ban riga na bayyana siffarsa ba, da babu abin da zai nuna mini cewa na karanta wata halitta dabam. Samfuri na 21 kuwa ya fara da kyau, sannan daga wani wuri kololuwa suka ninku biyu-biyu har ƙarshe, a karatun baya ma haka daga ɗaya ɓangaren. Wannan yakan faru idan kwafin ITS da ke jiki guda sun bambanta da ƙarin harafi ko ragi. Na iya haɗa sassan biyu masu tsabta, kuma sun kai ni ga Termitomyces, sai dai mafi kusa da shi a GenBank, rumbun jerin DNA na jama'a, jerin da ba su da sunan nau'i ne, da yawansu an ɗauko su ne daga saƙar gara ba tare da an taɓa ganin laimar ba.

Samfuri na 26 ne ya fi ci mini lokaci. Binciken BLAST, wanda ke kwatanta jeri da waɗanda ke rumbu, ya jero sakamako masu kusanci iri ɗaya ɗauke da sunaye daban-daban, Ganoderma lucidum na cikinsu. Amma asalin wannan suna, Boletus lucidus, William Curtis ne ya fara ba da shi a 1781 ga abin da aka tsinta a Ingila, daga baya aka riƙa liƙa shi ga kusan duk jan Ganoderma mai sheƙi a duniya. Wanda ake nomawa a Sin ma an raba shi a 2012 da sunan Ganoderma lingzhi. Nilsson da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa kusan kashi 20 cikin 100 na jerin fangas a rumbunan jama'a na iya ɗauke da sunan nau'i na kuskure. Sunan da ke saman jerin BLAST ra'ayin wanda ya ɗora shi ne kawai, kuma nauyinsa ya dogara ga ko akwai busasshen samfuri a bayansa da za a iya komawa a duba. Na maimaita binciken na taƙaita shi ga jerin da aka ciro daga samfuran asali da aka kafa suna a kansu, na kuma duba UNITE, rumbun jerin ITS na fangas. Nawa ya yi nisa da na Turai sosai. Na goge sunan littafin, na bar Ganoderma kaɗai.

24 ga Satumba

Na daidaita jerin da manhajar MAFFT, na gina bishiyar nasaba da manhajar IQ-TREE, na sa jerin samfuran asali a matsayin ma'auni. Samfuri na 11, wanda ya narke, ya faɗa cikin Coprinellus. Tsofaffin littattafai sun tara duk masu narkewa a Coprinus, amma a 2001 Redhead da abokan aikinsa sun mayar da yawancinsu Coprinellus da Coprinopsis da Parasola, domin DNA ta nuna Coprinus comatus ta fi kusa da Agaricus. A wajen Ganoderma rassan ba su da ƙarfi, kuma ban yarda in ɗauki kamancin kashi 97 a matsayin iyakar nau'i ba, tunda a wasu jinsuna nau'o'i biyu na gaske ba sa bambanta da ko kashi 1 a wannan yanki.

6 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya, tsinta ta tsaya. Mataki na gaba shi ne ninka ƙarin yankuna ga samfuri na 21 da na 26: sashen 28S, da tef1, da rpb2. Biyun ƙarshe kwafi guda ne a ƙwaya, don haka sun fi ITS wuyar ninkawa, kuma zan sake ciro DNA mai tsabta ta hanyar bututun tacewa, wanda zai ƙara kuɗi. Samfuri na 9 zan sake gwada shi daga cikin kara, inda funfuna ba ta kai ba.

Zan raba kowane busasshen samfuri gida biyu, rabi ya tafi ma'ajiyar samfura mai rajista tare da hoto da bayanin siffa da awon iri, sannan in ɗora jerin a GenBank da lambar ajiyar. Waɗanda ban kai ga nau'insu ba za su shiga da sunan jinsi kaɗai. Idan ƙarin yankunan suka nuna samfuri na 26 ya tsaya shi kaɗai a reshensa, sai na sake samun wasu irinsa daga wurare daban-daban a damina mai zuwa, na kuma kwatanta su da bayanan tsofaffin sunayen da aka ba Ganoderma na ƙasashe masu zafi, kafin a fara maganar rajistar suna a MycoBank ko wani rumbun sunaye da aka amince da shi, rajistar da ta zama wajibi ga sababbin sunayen fangas tun 1 ga Janairun 2013.